Raino a gida: kundin aikina daga neman rajista zuwa lissafin farko

Litinin, 28 ga Afrilu 2025

Yau na biya £180 na kwas ɗin share fage na masu rainon yara a gida. Ta intanet ake yinsa, zan riƙa zama a kansa da dare bayan yara sun kwanta. Daga yau zan rubuta duk abin da na yi da abin da na kashe, domin 'yan'uwa mata da ke nan Ingila suna yawan tambayar yadda ake shiga wannan sana'a, kuma ni ma ina so lissafi ya zauna a wuri ɗaya.

Doka ta ce duk wadda za ta riƙe 'ya'yan mutane da ba su kai shekara 8 ba, a gidanta, fiye da awa biyu a rana, ana biyanta, sai ta yi rajista. Ko dai da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren rainon yara a Ingila, kai tsaye, ko da ɗaya daga cikin kamfanonin da aka ba izinin yi wa masu raino rajista. Na zaɓi Ofsted, £35 a shekara. Tallafin £600 da gwamnati ke ba sababbin shiga ya ƙare tun 31 ga Maris, saboda haka komai daga aljihunmu zai fito. Burina in buɗe a farkon Satumba, lokacin da iyaye masu aiki za su fara samun awa 30 na raino kyauta a mako, wanda gwamnati ke biya, ga yaro tun daga wata tara.

Laraba, 7 ga Mayu

Na nemi takardar binciken laifuka ta DBS, £49.50 ban da ladan masu sarrafa ta, na kuma shiga tsarin sabuntawa na £16 a shekara. Duk wanda ya kai shekara 16 a gidan sai an bincike shi, don haka Abban yara da ƙanwarsa da ke zaune tare da mu su ma sun cike tasu.

Asabar, 17 ga Mayu

Kwas ɗin taimakon gaggawa na yara ya kammala. Awa 12, £95, takardar tana aiki shekara uku.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shaƙewa. An miƙo mana 'yar tsana mai girman jariri. A kifa ta a kan hannu, kai ya ɗan yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗu sau biyar da tushen tafin hannu. In abin bai fito ba a juya ta rigingine, a danna tsakiyar ƙirji sau biyar. Malamar ta nanata mana cewa yaron da abu ya toshe masa maƙogwaro gaba ɗaya ba ya tari, ba ya kuka, shiru kawai za a ji. Na dawo gida ina juya maganar. A nazare akwai wata ma'aikaciya a ɗaki na gaba da za ta kira 999, lambar neman agajin gaggawa. A gidana ni ce mai bugun bayan, ni ce mai waya, ni ce kuma mai lura da sauran biyun. Tun daren na yanke cewa babu yaron da zai ci ko da biskit ne sai ina zaune a gabansa, kuma inabi sai an tsaga shi ta tsawo gida huɗu.

Laraba, 21 ga Mayu

Matsala ta farko. Mai gidan da muke haya ya amsa wasiƙata da cewa bai yarda ba. Yarjejeniyar haya ta hana yin sana'a a gidan, kuma yana tsoron inshorarsa ba za ta ɗauki nauyi ba in yaro ya faɗo daga matakala. Na kwana biyu jikina a sanyaye, domin in babu izininsa duk abin da na kashe ya tafi a banza, kuma tashi daga gidan nan ba abu ne da za mu iya a bana ba.

Wata dattijuwa Baturiya a layinmu, wadda ta yi shekaru tana raino kafin ta huta, ita ta ce in bar wasiƙa in nemi mu zauna. Na kai masa bayanin inshorar da doka ta wajabta wa mai raino ta ɗauka, wadda ke biya in wani abu ya sami yaro a hannunta, na nuna masa cewa ƙananan yara uku ne iyaka, ba makaranta zan buɗe ba. Ya ce zai tuntuɓi kamfanin inshorarsa.

Juma'a, 30 ga Mayu

Alhamdulillahi, ya amince a rubuce. Sharaɗi biyu: kada a kafa allon talla a bango, kuma fentin falo a kanmu yake ranar da za mu tashi.

Litinin, 2 ga Yuni

Na zagaya nazare biyu na unguwarmu. Na gaya musu gaskiyar abin da ya kawo ni, kuma sun karɓe ni da kyau. Ta farko £74 take karɓa a yini ga yaron da bai kai shekara biyu ba, ta biyu £69, dukansu har da abinci, daga 7:30 na safe zuwa 6:00 na yamma, mako 51 a shekara. Yini cikakke ko rabin yini ake saya, babu maganar awa.

Dole in faɗi abin da suka fi ni. In ma'aikaciya ɗaya ta kwanta rashin lafiya, ƙofa a buɗe take. Ni ranar da zazzaɓi ya kama ni, iyaye uku ne za su rasa zuwa aiki. Ido da yawa ne a kan yaro, wata tana ganin abin da wata ke yi, kuma wannan kariya ce ta gaske. Suna da fili, da ramin yashi, da tsarar yaro goma da zai yi wasa da su. Uwar da ta zaɓi nazare saboda waɗannan ba ta yi kuskure ba.

Amma a ɗakin jarirai na tsaya na ƙirga: yara tara, ma'aikata uku, daidai da doka. Na tambayi me ke faruwa in yaro ya cika biyu, aka ce ana mai da shi ɗaki na gaba, hannun wasu. In ya cika uku a sake. Ke nan kafin ya shiga makaranta ya canza hannu sau biyu aƙalla, ban da ma'aikatan da ke barin aiki. Wa da ƙani kuwa, in ba a bakin ƙofa ba, ba sa haɗuwa. Abin da zan iya bayarwa wanda su ba za su iya ba ke nan: hannu ɗaya daga rarrafe har ranar da yaro zai sa kayan makaranta.

Alhamis, 12 ga Yuni

Hidimar Sallah ta ɗan tsayar da ni. Likita ya cike nasa ɓangaren na takardar lafiya, £90 ya karɓa, domin ba ta cikin ayyukan da ake yi kyauta. Na tura takardun rajista. Akan ɗauki har mako 12, wanda zai kai ni daidai farkon Satumba in babu cikas.

Talata, 24 ga Yuni

Cikas ya zo. Duk wanda ya zauna a wata ƙasa cikin shekara biyar da suka wuce sai ya kawo shaidar kyawun hali daga can, kuma ƙanwar Abban yara ba ta cika biyar a nan ba. DBS abin da ya faru a nan kawai take nunawa. Ba na jayayya da dokar, da ni ce uwar yaro haka zan so a yi. Sai dai takardar ba a hannunmu take ba, sai an bi ta can, kuma ba za a gama duba rajistata ba sai ta iso. Yarinyar ta damu ƙwarai. "Anti, ko in koma wurin ƙawata har a gama?" Na ce mata ta zauna, nan gidanta ne, takarda za ta zo.

Ga masu niyyar shiga: ku fara da wannan takarda tun kafin kwas, ita ce ta fi cin lokaci.

Talata, 8 ga Yuli

Tunda jira nake, na zauna da biro a kan lissafin kuɗin awa. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma ban fahimci sana'ar ba sai yau.

Mai raino a gida yara shida 'yan ƙasa da shekara 8 ne iyakarta a lokaci guda. A cikinsu ƙananan da ba su shiga makaranta ba uku kawai, kuma a cikin ukun ɗaya ne kaɗai zai kasance ƙasa da shekara ɗaya. 'Ya'yanta na cikinta suna cikin ƙirga. 'Yata mai shekara 7 da autana mai 4 sun cinye gurbi biyu daga shida. Sa'ar da na yi, auta zai fara makaranta yini cikakke a Satumba, don haka ba zai shiga cikin ƙananan ukun ba.

A nazare kuwa ma'aikaciya ɗaya tana riƙe yara uku 'yan ƙasa da biyu, biyar 'yan shekara biyu (da huɗu ne, aka ƙara a Satumba 2023), takwas 'yan uku zuwa huɗu, har goma sha uku in akwai ƙwararriyar malama.

To kuɗin da gwamnati ke biya na awannin kyauta a kan wannan tsari na nazare aka gina shi. A bana, 2025, matsakaicin abin da take ba ƙananan hukumomi a kowace awa shi ne £11.54 ga ɗan ƙasa da biyu, £8.53 ga ɗan shekara biyu, £6.12 ga ɗan uku da huɗu, kuma hukumar tana cire ɗan kaso kafin ya iso hannun mai raino. A nazare yara takwas sau £6.12 ya kusa £49 a awa a kan ma'aikaciya ɗaya. A wurina yara uku sau £6.12 £18.36 ne, daga ciki za a fitar da abinci, wuta, inshora, kayan wasa da haraji, alhali a 2025 mafi ƙarancin albashi a ƙasar ga wanda ya kai shekara 21 £12.21 ne a awa, kuma mai albashi ana biyansa hutu.

Ma'anarsa, a nazare yaro yana girma ɗaki yana ƙara ɗaukar yara, lissafi yana daidaita kansa. A gidana gurbi uku ne ko jarirai ne ko manya, don haka yaron da na raina tun yana wata tara, a zangon da ke bayan ya cika uku kuɗinsa ya ragu da kusan rabi. Tsarin biyan yana tura mai raino ta sallami yaro daidai lokacin da ya saba da ita, ta ɗauko sabon jariri. Wato abin da ya bambanta mu da nazare shi ne abin da aka fi sa wa wahala. Ban yi mamaki ba da na ga a ƙididdigar Ofsted cewa masu raino a gida sun ragu da kusan rabi cikin shekara goma.

Asabar, 19 ga Yuli

Ƙanwata ta zo da maganar 'yarta mai shekara biyu. "Yaya, ai sai in kawo miki ita da awa 30 ɗina, in huta da neman wuri." Na so haka fiye da yadda take zato. Amma doka ba ta yarda mai raino ta karɓi kuɗin awannin kyauta a kan ɗan 'yar'uwarta, ko ɗan ɗan'uwanta, ko jikanta ba, ko da tana da cikakkiyar rajista. Abin da za ta iya amfani da shi a wurina shi ne asusun Tax-Free Childcare, inda in ta zuba £8 gwamnati ta ƙara £2, har £500 a wata uku. Mun ɗora su a sikeli: awa 1,140 a shekara (awa 30 sau mako 38) kyauta a wani wuri, ko rangwamen kashi ɗaya cikin biyar a wurina. Ni da kaina na ce mata ta kai yarinyar nazare. Ta yi shiru, na ga abin ya sosa mata rai. Ni ma ya sosa mini. A ganina dokar nan ba ta yi adalci ba, tunda binciken da aka yi mini bai canza don yarinyar jinina ce.

Litinin, 4 ga Agusta

Shaidar kyawun hali ta iso, mun tura.

Sayayya: ƙofar matakala biyu £56, gadon tafi-da-gidanka £45, keken tura yara mai kujera biyu na hannu £120, bargon kashe wuta da akwatin taimakon gaggawa £38, makullan kabad £14. Inshora £70. Rajistar adana bayanai ta ICO £52, saboda zan riƙa ɗaukar hoton yara da ajiye bayanansu a waya. Na auna falo da ɗakin cin abinci. Ana bukatar murabba'in mita 3.5 ga kowane ɗan ƙasa da biyu, 2.5 ga ɗan biyu, 2.3 ga ɗan uku zuwa biyar. Wuri ya isa har da saura.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na tsayar da farashi: £6.50 a awa, £7.50 kafin ƙarfe 7:30 na safe.

Mutane sun ɗauka raino a gida nazare ce mai rahusa. Awa goma sau £6.50 £65 ne, tsakaninsa da £69 babu nisa. Sauƙin yana wurin wadda ba yini cikakke take bukata ba: awa shida a wurina £39, a can sai ta sayi yinin gaba ɗaya. Sai dai in na sayar da awa biyu nan, uku can, gurbina ya zama rariya, kuɗi suna zuba ta ramukan da ba wanda zai cike. Don haka mafi ƙaranci awa shida a rana.

Sauran sharuɗɗa: biya a farkon wata, sanarwar mako huɗu kafin rabuwa, in yaro bai zo ba saboda ciwo ko tafiya ana biya, in ni ce na rufe ba a biya. Hutuna mako huɗu a shekara, zan sanar tun Janairu. Makara wajen ɗaukar yaro £5 kowane minti 15, bayan uzuri na farko. Dattijuwar layinmu ta ce kada in ji kunyar rubuta wannan, domin wanda ya fi kusa da kai shi ya fi makara.

A awannin kyauta ba a yarda in ɗora ko kwabo a kan kuɗin awa ba. Ana iya neman kuɗin abinci, amma sai da yardar iyaye, kuma dole a bar musu zaɓin kawo nasu. Na sa £3 a rana ga mai so.

Alhamis, 28 ga Agusta

Jami'ar Ofsted ta zo. Ta duba takardu, ta zagaya har bayan gida, ta ga inda nake ajiye magunguna da kayan wanki. Mafi yawan lokacin a kan kare yara muka yi shi: alamun cutarwa, wa zan kira in na ga abin da bai kwanta mini ba, me zan yi in aka yi zargi a kan wani na gidana. Sannan EYFS, tsarin koyarwa da kula da ƙananan yara na gwamnati, wanda mu da nazare duka muke ƙarƙashinsa, har da rahoton ci gaban yaro da ake rubutawa tsakanin shekara biyu da uku. Na tambaye ta batun harshe. Tsarin yana so a ba yaro damar amfani da harshen gidansu, tare da tabbatar da ya samu Turanci mai kyau. Wannan ya yi mini daɗi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Rajista ta fito. Farkon zango ya wuce ni, kuma iyali ɗaya da suka jira ni sun sami wuri a nazare, ban ga laifinsu ba. Na tura wa ƙaramar hukuma takardar shiga tsarin awannin kyauta, na yi rajistar mai aikin kanta da HMRC, hukumar haraji.

Talata, 16 ga Satumba

Gurbi biyu sun cika. Jaririya 'yar wata 11, mahaifiyarta malamar makaranta ce, ta karɓi lambar da gwamnati ke ba wanda ya cancanci awa 30 kafin wa'adin 31 ga Agusta, saboda haka za ta ci wannan zangon. Sai yaro ɗan shekara biyu, mahaifiyarsa nas ce, kwana uku a mako daga 6:30 zuwa 2:30. Bizar aikinsu ba ta ba su damar cin tallafin gwamnati ba, don haka babu awa 30, sai ya cika uku zai sami awa 15 da ake ba kowane yaro. "Yaya, babu nazaren da ke buɗewa kafin in kama aiki," in ji ta. Irin su ne suka fi bukatarmu, kuma su ne ke biya daga aljihu.

Gurbi na uku mutum biyu ke nema: wata mai ɗan wata 14, da kuma malamar nan da ke so in haɗa da yayan jaririyar, ɗan shekara uku. Bambancin kuɗin ya haura £130 a mako. Abban yara ya ce in duba da kyau, haya ba ta jira. Na duba. Na ɗauki yayan. In na raba wa da ƙanwa saboda lissafi tun makon farko, ban san me zan ce ina sayarwa ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Ranar farko. Jaririyar ta yi kuka tun daga ƙofa, ta ƙi madara, ta ƙi gado. Na goya ta ina zagaya falo. Yayanta ya bar motocinsa ya zo ya kama ƙafarta da ke reto a gefena, yana yi mata wata waƙa tasu ta gida. Ba ta daina nan take ba, amma kukan ya sauka, can ta yi barci a bayana. Na sauke ta a gado rigingine, na tura wa uwar hoto.

Juma'a, 26 ga Satumba

Mako ya tafi lafiya. Kai auta makaranta da keken yara biyu da ɗaya riƙe da hannu yana bukatar fita minti 15 kafin lokacin da na tsara.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Lissafin mako guda a lokacin zango. Yaran malama awa 40 kowanne, 30 na gwamnati, 10 na biya: £130. Ɗan nas £159. Awannin kyauta kusan £470, wanda £300 daga ciki na jaririyar ne. Jimla kusan £760, a kan awa 44 da rabi tare da yara, ban da girki, goge-goge da rubutun dare.

Adadin yana da kyau a ido, amma mako 38 kawai yake zuwa haka. A hutun makaranta £159 na ɗan nas ne kawai zai shigo. Kuma kuɗin ƙaramar hukuma bai shigo ba tukuna, an ce sai Nuwamba tunda a tsakiyar zango na shiga, don haka cefanen yara na wannan wata daga albashin Abban yara yake fitowa. Abin da na kashe kafin buɗewa ya haura £800. HMRC tana barin mai raino da ke aiki awa 40 ko fiye ta lissafa kashi 33 cikin ɗari na kuɗin wuta da ɗumama gida, da kashi 10 na ruwa, haya da harajin gida, a matsayin kuɗin sana'a. Na buɗe asusu dabam ina ajiye kashi 20 na duk abin da ya shigo saboda haraji.

Abin da ke gaba: neman yaro ɗaya na bayan makaranta ya cike gurbi na shida, tallata guraben hutun ƙarshen Oktoba ga iyayen da ke aiki a lokacin, da zama da wata mai raino a unguwa ta gaba mu ga ko za mu riƙa karɓar wa juna yara ranar da ɗaya ta kwanta ciwo, in tana da gurbi kuma iyaye sun amince. Zan kuma fara ware £25 a mako tun yanzu, domin zangon da ke bayan jaririyar ta cika biyu kuɗinta zai sauka, in ta cika uku ya sake sauka, kuma ina so ta zauna a nan har ta shiga makaranta.